Sharhi Kan Stellarium, Manhajar Da Ke Kawo Sama Cikin Ɗakin Mai Burin Karatun Fiziks Na Taurari

Shekara guda ke nan da 'yan watanni tun ranar da ɗiyar wana, wadda a lokacin take aji biyu na babbar sakandare, ta same ni ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina, ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baffa, ni fiziks na taurari nake so in karanta a jami'a, amma ban san ta inda ake farawa ba." Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Kano, kuma na san babu madubin hangen taurari a makarantarsu, haka nan babu a tamu, kuɗin sayensa kuwa ya fi ƙarfin aljihuna da na mahaifinta a haɗe. Abin da na iya yi a wannan dare shi ne na sa mata manhajar Stellarium a kan kwamfutar mahaifinta ta tafi-da-gidanka. Wannan sharhi ya fito ne daga aikin da muka yi da manhajar tun daga lokacin, kuma na rubuta shi domin iyaye da malamai da ɗaliban da ke ɗauke da irin wannan buri.

Ya kamata a fara da share wani ruɗani, domin a wurinmu da zarar an ambaci ilimin taurari sai hankalin wasu ya tafi ga masu duba, kuma na ga yadda fuskar kakarta ta sauya da ta ji maganar a karon farko. Fannin da yarinyar ke nufi kimiyya ce zalla. Aikinsa shi ne binciken abin da aka gina tauraro da shi, da yawan zafinsa, da nisansa, da abin da ke sa shi haske, da yadda yake ƙarewa, duk ta hanyar dokokin fiziks ɗin da muke koyarwa a aji.

Stellarium manhaja ce da ke zana sama a kan fuskar kwamfuta daidai yadda ido zai gan ta daga duk garin da aka zaɓa, a duk ranar da aka zaɓa. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ne ya fara rubuta ta a shekarar 2001, daga baya masu aikin sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da raya ta, kuma sai a 2022 suka yarda suka sa mata lambar fitowa ta 1.0, bayan fiye da shekara 20 ana gyara. Kyauta ce, tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, kuma lasisinta ya halatta a kwafe ta a ba wani, saboda haka malami ɗaya zai iya sauke ta sau ɗaya, ya zuba a filash, ya raba wa makaranta gaba ɗaya. Tana zuwa da taurari fiye da 600,000, ana kuma iya ƙara mata kundaye har adadin ya haura miliyan 170, ko da yake ɗalibin sakandare ba ya bukatar wannan ƙarin. Abin da ya fi muhimmanci a yanayinmu shi ne, da zarar an sauke ta, ba ta neman intanet kafin ta nuna sama. Sauke ta kan ci 'yan ɗaruruwan megabait, daga nan kuma an huta da sayen data.

A daren farko, cikin watan Disamba, bayan sallar isha'i muka hau saman soro da tabarma. Muka danna F6 muka zaɓi Kano, muka kunna yanayin dare, wanda ke mayar da fuskar kwamfutar ja domin kada farin haske ya kashe ido bayan ya saba da duhu. Na ce ta nuna mini abin da ta sani a sama, sai ta nuna Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda a lokacin suka yi sama sosai, domin su ne kakarta ta taɓa nuna mata. Da ta same su a manhajar ta danna ɗaya daga cikinsu, sai rubutu ya cika gefen hagu, a ciki har da nisansa, wato tafiyar haske ta kimanin shekara 400. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko hasken da ke shiga idonta ya baro can ne tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na ce mata haka ne, da kusan shekara 200 ma. Daga nan muka juya gabas, inda taurarin nan uku masu jere suka riga suka hau, na sa ta kwatanta Betelgeuse da Rigel da ke gefe da gefensu da idonta kafin ta dubi kwamfuta. Ta ce ɗaya jaja-jaja ne, ɗaya kuma fari mai shuɗi-shuɗi. Wannan bambancin launi shi ne darasin farko na fannin, domin zafin fuskar Betelgeuse bai wuce kimanin 3,600 a ma'aunin Kelvin ba, na Rigel ya kai wajen 12,000, ranarmu kuma tana tsakani da kimanin 5,800.

Ƙarfin manhajar na farko yana cikin ikon da take ba mutum a kan lokaci. Da maɓallin L ana hanzarta shi, da J ana mayar da shi baya, da K yana komawa tafiyarsa ta yau da kullum. Abin da zai ɗauki ɗalibi shekara yana lura da shi a fili, zai gan shi cikin minti ɗaya. Na sa ta rubuta lokacin fitowar tauraro ɗaya dare bakwai a jere, ta gano da kanta cewa kullum yana riga jiya fitowa da kusan minti 4, wanda shi ne bambancin da ke tsakanin awa 24 na agogo da awa 23 da minti 56 da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya idan aka auna da taurari. Ta kuma lura cewa tauraron arewa ba ya motsi, kuma tsayinsa daga ƙasa digiri 12 ne, daidai da nisan Kano daga layin da ya raba duniya biyu. Da muka mayar da shekara baya da kusan 4,800 sai ta ga wani tauraron daban, Thuban, ya zauna a wannan gurbi, saboda tangaɗin da duniya ke yi kamar katantanwa, wanda zagayensa ɗaya ke cin kusan shekara 26,000.

Gwajin da ya sa na amince da manhajar shi ne husufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Gana da Togo da Binin, ta bi ta Gusau da Katsina, ta shiga Nijar. Mutanen da suka shaida shi ba su manta yadda gari ya yi duhu da hantsi ba. Muka sa Katsina, muka sa ranar, muka bar lokaci ya tafi, sai ga wata ya rufe rana ruf bayan ƙarfe goma na safe, har taurari masu haske suka bayyana a kan fuskar kwamfutar. Yarinyar ba a haife ta ba a lokacin, amma mahaifinta da ke tsaye a bayanmu ya ce wallahi haka aka yi.

Duk wannan kallo ne, kuma da a nan manhajar ta tsaya da ban ɓata lokacin mai karatu ba. Darajarta ga mai shirin wannan sana'a tana cikin rubutun nan na gefen hagu, wanda yawancin masu amfani da ita ke tsallakewa. Ga kowane tauraro mai haske tana ba da ƙarfin haskensa yadda ake ganinsa daga nan, da ainihin ƙarfinsa idan aka cire tasirin nisa, da lambar launinsa, da rukuninsa, da matsayinsa a taswirar sama, da ɗan gocewar da yake yi a ido yayin da duniya ke zagaya rana. Da wannan gocewa ake auna nisa, kamar yadda Friedrich Bessel ya fara yi a 1838. Na rufe layin nisa da yatsa, na ba ta gocewar Sirius, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wato 0.379 na daƙiƙar kusurwa (kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri), na ce ta raba 1 da wannan lamba sannan ta ninka da 3.26. Ta samu tafiyar haske ta shekara 8.6, na ɗaga yatsa, ta ga abin da ke rubuce ke nan.

Aikin da ya fi kowane amfani ya ɗauke ta mako biyu. Ta zaɓi taurari 40 mafiya haske, ta rubuta launi da ainihin ƙarfin hasken kowane a littafi, ta zana su a takardar giraf, launi a kwance, haske a tsaye. Wannan shi ne zanen da Ejnar Hertzsprung da Henry Norris Russell suka fito da shi tsakanin 1911 da 1913, kuma har yau shi ne ƙashin bayan nazarin rayuwar taurari. Zanen nata ya fito a karkace, duk ɗigon ya taru a sama, babu alamar jajayen ƙananan taurarin da littafi ya ce su ne mafiya yawa. Ta zo mini a damuwa tana tsammanin ta yi kuskure a lissafi. Na ce ta sake duba yadda ta zaɓi taurarin. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce, "Baffa, ai masu haske kawai na ɗauka, manya ne ake hangowa daga nesa, ƙananan kuwa ko suna kusa ba a ganinsu." Da ta ƙara taurarin da suka fi kusa da mu, irin su Proxima Centauri, wanda duk da kusancinsa ido ba ya ganinsa, sai layin da galibin taurari ke jeruwa a kansa, mai gangarowa daga sama hagu zuwa ƙasa dama, ya bayyana. Masu binciken fannin na fama da wannan matsala ta karkatar zaɓi a kowane kundin bayanai da suka taɓa, kuma na fi son ta haɗu da ita tun tana da shekara 16 a kan tabarma da a ce sai ta je digiri na biyu.

Daga nan muka auna nauyin duniyar Mushtari, wato Jupiter. Manhajar na nuna manyan watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610, kuma tana da ƙarin kayan aiki na auna kusurwa tsakanin abubuwa biyu. Yarinyar ta bi watan da ake kira Io har ta ga yana kammala zagaye cikin kusan awa 42 da rabi, ta auna iyakar nisan da yake yi daga Mushtari a ido, ta haɗa da nisan Mushtari daga duniya, ta samu kilomita 420,000 da 'yan kai. Da dokar Kepler ta uku yadda Newton ya gyara ta, wadda ke haɗa nisan zagaye da tsawon lokacinsa da nauyin abin da ake zagayawa, ta fitar da nauyin da ya haura na duniyarmu ninki 300 da wani abu. Adadin da masana suka tabbatar shi ne ninki 318.

A nan ne ya zama dole in faɗi iyakar manhajar, domin mai saye da mai amfani duk suna da haƙƙin sanin inda kaya ya tsaya. Abin da yarinyar ta auna lissafi ne da wasu suka riga suka yi, aka zana mata. Manhajar ta san inda Io zai kasance ne saboda an riga an san zagayensa, saboda haka amsar ba za ta taɓa saɓa wa littafi ba sai dai hannun mai awo ya goce. Atisaye ne mai kyau ƙwarai, amma awon gaskiya yana zuwa da gajimare da rawar hannu da lambobin da suka ƙi daidaita. Shi ya sa na nemi aron madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, irin 10x50, muka jingina shi da katangar soro, ta riƙa zana inda ɗigon watannin Mushtari suke dare bayan dare, sannan ta kwatanta da abin da kwamfuta ta ce. Duk wanda zai yi amfani da Stellarium ya riƙe wannan tsari: ya fara duban sama, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya tambayi manhajar.

Akwai kuma batun hotuna. Idan aka kusanto gajimaren iskar da ke ƙasan taurarin nan uku masu jere, ko gungun Andromeda da ke nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, manhajar na nuna hotuna masu launi da aka ɗauka da manyan na'urori cikin dogon lokaci. Ido ba zai taɓa ganinsu haka ba, ko da madubi mai tsada, sai dai ɗan farin hazo, kamar yadda masanin falaki Abdurrahman al-Sufi ya kwatanta Andromeda da ƙaramin gajimare a wajen shekarar 964. Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibi wannan tun da wuri don kada gwiwarsa ta yi sanyi. Haka nan samar da ke cikin kwamfuta kullum a wanke take. Ana iya gaya mata yawan hasken lantarkin gari da ma'auni mai mataki 9, amma ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san hadarin Agusta ba. A ƙasarmu sama ta fi kyau daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya yi kauri, sai kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Iyakar da ta fi girma ita ce wadda ba laifin manhajar ba ce, domin ba don haka aka yi ta ba. Mai binciken fiziks na taurari a yau ba ya kwana yana leƙen madubi. Yawancin lokacinsa yana tafiya ne a gaban lambobi da lissafi da rubuta umarnin kwamfuta. Babban makaminsa shi ne tsaga hasken tauraro zuwa launukansa kamar bakan gizo, ya karanta baƙaƙen layukan da ke ciki, kuma ta wannan hanya Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa galibin jikin taurari haidurojin ne da hiliyom. Stellarium za ta faɗi rukunin tauraro, amma ba za ta koya wa ɗalibi wannan karatu ba, ba za ta koya masa lissafin kalkulas ko ƙididdiga ko Python, yaren rubuta umarnin kwamfuta, ba. Ɗalibin da ya haddace sunayen taurari 200 alhali yana tsoron lissafi bai kama hanya ba tukuna, kuma na faɗa wa ɗiyar tawa haka ƙarara. Yarjejeniyarmu ita ce duk awa ɗaya a kan manhajar sai an biya ta da awa biyu a kan lissafi da fiziks na aji.

Akwai nau'in da ake buɗewa kai tsaye a intanet, akwai kuma na wayar hannu, wanda ke da na kyauta da na kuɗi. Na waya yana da daɗin amfani a fili, domin da an ɗaga waya sama sai ya nuna sunan abin da aka fuskanta, sai dai kamfas ɗin kowace waya kan rikice kusa da rodi ko kwanon rufi, saboda haka a matsa nesa da ƙarfe. Don sanin suna ya wadatar. Don irin ayyukan da na bayyana a sama kuwa, na kwamfuta shi ne abin nema, domin a can ake samun tagar lissafin falaki ta F10 mai fitar da jadawalin fitowa da faɗuwa da haɗuwar duniyoyi, da jerin taurari masu bugun rediyo, da duniyoyin da aka gano suna zagaya wasu taurari. Littafin jagorarta, wanda shi ma kyauta ne kuma yana da ɗaruruwan shafuka, ya ƙunshi bayanin taswirar sama da ma'aunin haske da ya fi na littattafan sakandare da yawa, amma da Turanci yake, kuma ɗalibi zai bukaci malami a gefensa a surorin farko.

Wani ɓangare da ya taɓa zuciyata shi ne na al'adun sama. Manhajar na iya cire sunayen Girkawa ta sa na Larabawa, har da manzilolin wata 28 da malamanmu na zaure suka sani, ko na Sinawa, ko na tsohuwar Masar, ko na Zulu. Na duba jerin ban ga na Hausa ba, alhali muna da Kaza da 'Ya'yanta, muna da Zara matar wata, muna da Gamzaki, kuma tsofaffin manoma da makiyaya suna da wasu sunayen da suke gane shigowar damina da su. Tun da ƙofar manhajar a buɗe take ga duk mai son ba da gudummawa, wannan gibi namu ne mu cike, kuma aiki ne da ɗaliban fiziks da na sashen Hausa za su iya yi tare kafin tsofaffin da suka san sunayen su ƙare. Yarinyar ta riga ta fara da kakarta, wadda yanzu takan sa a kai mata kujera tsakar gida ta nuna sama da sandarta.

Game da hanyar da ke gaba, digirin farko a fiziks shi ne tushe, kuma a jarrabawar JAMB hakan na nufin Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana da sashen fiziks da ilimin falaki, kuma a garin ne hukumar sararin samaniya ta ƙasa ke da cibiyarta ta binciken wannan fanni. A Gana an mayar da wani faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar sauraren sama a 2017. Afirka ta Kudu na da shirin NASSP, wanda tun 2003 yake horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka a matakin gaba da digirin farko, tana da madubin SALT a Sutherland, tana da faya-fayan MeerKAT guda 64 da aka ƙaddamar a 2018, kuma a can ake gina rabin SKA, babban aikin na'urorin sauraren sama na ƙasa da ƙasa. Masu tantance ɗalibai a irin waɗannan wurare sakamakon lissafi da fiziks da ƙwarewar kwamfuta suke dubawa. Stellarium ba za ta bayyana a takardar kowa ba, amma ɗalibar da ta taɓa zana taurari 40 da hannunta ta ga inda zanen ya karkace za ta shiga ajin farko tana gane abin da malami ke nufi.

Ina ba da shawarar manhajar ga duk makarantar da ke da kwamfuta ko da ɗaya ce, da sharaɗin malami ya haɗa ta da aikin rubutu da fita fili. Ɗiyar tawa yanzu tana shirin jarrabawar fita sakandare, ta kuma fara koyon Python domin ta sake zanen taurarin nan da dubbai maimakon 40. A bangon ɗakinta ta rubuta 2 ga Agusta, 2027, ranar da wata zai rufe rana gaba ɗaya a kan Luxor ta Masar na fiye da minti 6, inuwar ta wuce ta kan Jidda da Makka. A Kano wani ɓangare na rana kawai zai rufu, kuma ta riga ta fitar da lokacin farawa da na ƙarewa daga manhajar, ta kuma huda kwalin da za ta sauko da hoton ranar a kan farar takarda, domin ba a kallon rana da ido ko da tana cikin husufi.